Baba zai sauka daga kujera: me za mu yi masa?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da shan ruwa. Waɗanda suka zo taron Tawa ranar Lahadi sun ji da kunnensu, Baba Shugaba ya ce ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara gardama, bayan ƙaramar Sallah zai miƙa ragamar ƙungiyarmu ta manoma da 'yan kasuwar albasa. Tun 1997 yake kan kujerar nan, shekara 28 ke nan. Biro, wato mu shugabannin ƙungiya, ya zauna jiya, muka ce ba za mu yanke mu kaɗai ba, a kawo maganar zaure kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wace irin karramawa ta dace da shi? Baba ba ya cikin zauren nan, wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓalli, don haka a saki jiki, amma da ladabi. Masu turo saƙon murya ku taƙaita don Allah, ni ne mai wahalar rubutawa.

Ɗan Galmi: Wa alaikumus salam. Allah shi saka mashi da alheri. Ni shawarata guda ce: babbar riga ta shadda mai aiki, rawani, rago, a kira makaɗa, a gayyato gwamna da sarakuna. Mutumen da ya yi muna wanga aiki ba a sallamarshi da takarda cikin gilashi kamar ma'aikacin da ya gama aikin gwamnati.

Ma'aji: Alhaji, ba a ƙi ta taka ba, amma riga da rago da makaɗa duk da kuɗi ake kiransu. Abin da ke asusu na hayar mangaza ne da albashin mai gadi har damina, ko dala ba zan taɓa ba. In za a yi, sai karo-karo.

Mai Lambun Tabalak: Karo-karo a watan Maris? Ma'aji, kai ma ka san lokacin da muke ciki. Kowa ya cire albasa lokaci guda, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas, mai esansi na bin mu, mai takin angire na bin mu, ga kayan Sallar yara. Allah ya sani ba ƙin Baba nake ba. A dai yanka abin da talaka zai iya ɗauka.

Ɗan Galmi: Mai jaka guda shi bada, mai hamsin shi bada. Ni na buɗe da jaka hamsin.

Malamin Gona: Barkanku da shan ruwa iyayena. Ni yaro ne a cikinku, amma ku ba ni dama. Riga a akwati za ta tsufa, rago kuwa kafin la'asar an side tukunya. Abin da Kawu na Tabalak ya faɗa yanzu shi ne ciwon da Baba ya shekara yana kuka da shi: muna zubar da albasa a Maris da Afrilu lokacin da ba ta da daraja, in Satumba ta wuce kuɗinta ya tashi, hannunmu wayam, sai ta Agadas ke cin kasuwa. Duk matsalar ajiya ce. Rudunmu na kara yana da nasa amfani, iska na ratsa shi, amma in damina ta yi nisa laima ta shiga, sai ka buɗe ka tarar wata ta tsiro, wata ta zama ruwa. Me zai hana mu haɗa kuɗin nan mu gina ɗakin ajiya ko ƙarami ne, na ƙasa mai kafofin iska sama da ƙasa, da gadajen katako da za a shimfiɗa albasa ba a tula ta ba, mu sa masa sunan Baba?

Mai Lambun Tabalak: A gina shi ina? Galmi? Mu ɗauko albasa daga Tabalak mu ratsa Tawa mu gangara Tsarnawa mu kai ta can? Ai kuɗin mota ya cinye ribar tun ba a ajiye ba.

Ɗan Tamaske: In gini ne Tamaske ma ta cancanta. Kullum komai Galmi, komai Galmi.

Ɗan Galmi: To ai sunan da duniya ta sani ke nan. Ka taɓa jin mutumen Abijan ya shiga kasuwa shina cigiyar albasar Tamaske?

Ɗan Tamaske: Alhaji, da yawan abin da kuke lodawa da sunan Galmi daga fadamarmu ya fito, kai ka fi ni sani 😄

Sakatare: Ku bar wannan wasan, ba shi ya tara mu ba.

Malamin Gona: In ƙara kaɗan. Ɗaki shi kaɗai ba ya tsare albasa, Baba da bakinsa yake faɗa mana. Wadda aka ɗura wa angiren ure har ƙarshe, aka yi mata ban ruwa har ana gobe cira, aka yanke lawashi tun wuyanta na ɗanye, ko a ɗakin sarki ka ajiye ta ruɓewa za ta yi. A tsaida ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bar ta ta sha iska ƙarƙashin ganyenta har wuya ya bushe. A makaranta na karanta wannan, amma sai da na ga Baba ya danna wuyan albasa da babban yatsa ya ce wannan ba za ta ga layya ba, na gane ashe ban sani ba.

Direban Ankara: Ni ban san lissafin asusu ba, hanya na sani. Shekara 19 ina jan kaya zuwa Gana. Wanda bai taɓa sauke mota a can ba bai san nauyin sunan Baba ba. Albasa ba hatsi ba ce, ba ta jira. Ka sauke buhu 300, mai saye ba shi da kuɗin biya nan take, sai ya sayar. Ba takarda, ba sa hannu, kalma ce kawai tsakaninku. Abin da ke sa ka iya barci shi ne mutumin ya san in ya ci amana, waya ɗaya Baba zai yi, ba zai ƙara ganin motar Ader a rumfarsa ba. A 2021 da hukumomin Ankara suka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshi suka kai su Ajen Kotoku, kasuwa ta hargitse, wanda kake bi bashi ba ka san inda ya koma ba, wasu ma da gangan suka ɓace cikin rububin. Baba na zaune kan tabarma da 'yar wayar nan tasa, ya dinga kira ɗaya bayan ɗaya, wannan ya haɗa shi da wancan. Kwana huɗu ya gaya mini layin da mutumina ya kafa sabuwar rumfa. Da na je mutumin har ya ƙirga kuɗin ya ɗaure, ya ce tsohonku ya hana ni barci.

Direban Ankara: Sai Agustan 2023, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sa aka datse gadar Gaya da Malanbil ta kan iyakarmu da Benin. Motata na cikin waɗanda suka tsaya. Albasar ajiya ce, mai tsada, ta mutum shida. Muna ta cewa gobe za a buɗe, jibi za a buɗe. Ran na biyar baƙin ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashin mota, ƙuda suka rufe tanfol, wari ya hana mu kwana a kusa. Na kira masu kaya, kowa na cewa a ƙara haƙuri don ba wanda ke son asarar ta tabbata a bakinsa. Na kira Baba. Ya ce juyo da mota, gada ba ta ruɓewa, albasa ke ruɓewa, masu kaya ni zan yi musu magana. Muka sauke a Doso muka tsince, muka sayar da wata a nan, saura muka kai Yamai. An yi asara, amma ba ta kai ta waɗanda suka jira ba. Don haka ni duk abin da aka yanke ina ciki, jaka ashirin.

Hajiyar Gabu (saƙon murya, Sakatare ya rubuta): Ina gaida maza. Na ji ana ta maganar mota da Ankara. To ku tuna kafin albasa ta hau mota akwai wadda ta duƙa ta yi dashe tun sanyin safe har bayanta ya ƙage. Mu ne masu dashe, mu ne masu yankan lawashi, mu ke daka shi mu dunƙula gabu mu shanya. Da can a rana muke zama bakin kasuwa, dillalai na korar mu wai mun tare hanyar kura. Baba ne ya ce a ba mu gefen rumfa, kuma da wani ya zo tada mu, ya ɗauko kujerarsa ya zauna tsakiyarmu har azahar. Wannan ba mu manta ba. Mu mata mun riga mun yi tamu shawara, abincin ranar namu ne, kada kowa ya sayi ko gishiri. Amma ina da tambaya ga biro: shekara 28 ba mace ko ɗaya a cikinku. Wanda zai gaje shi ma haka za a ci gaba?

Sakatare: Hajiya, an ji, an rubuta. Za a kai babban taro.

Hajiyar Gabu: Bara ma haka ka ce, ɗana.

Mai Injin Ƙonni: Salam. Akwai injin ban ruwa da pano huɗu na sayarwa, wata shida da saye, mai so ya kira ni.

Sakatare: Malam, ba yau ba. Ka jira ranar talla.

Ɗan Tarka: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Zan faɗi abin da ake faɗa a majalisa amma ba mai rubuta shi a nan. Shekara 28 a kujera ɗaya ba abin kiɗa ba ne kawai, abin tambaya ne. Tun da na shiga ƙungiyar nan ban ga zaɓe ba. A taru, wani dattijo ya miƙe ya ce Baba ya ci gaba, a tafa, a ci shinkafa, a watse. Kuma duk yabon da na ji daga bakin masu loda mota ya fito, mai fangali ashirin fa? Amma bar wannan, ga wanda ya fi ci mini rai. A 2010 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ba da buhu 40 aka tafi da su Kumasi bisa lamunin Baba. Mai sayen ya gudu. Har mahaifina ya koma ga Allah kuɗin nan bai cika ba. Shekarata 15 lokacin, a shekarar na bar lekkol na koma garka. To yanzu ku gaya mini jaka nawa zan kawo na sayen riga.

Ɗan Galmi: Subhanallahi. Kai yaro, cikin azumi, gaban iyayenka? Sakatare, a hidda wanga saƙo.

Mai Lambun Tabalak: A'a Alhaji, kada a goge. Bai zagi kowa ba.

Tsohon Keita (saƙon murya, Sakatare ya rubuta): Ku bar yaron ga shi yi magana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na girmi Baban naku da shekara biyu, in ba ku labarin da ba ku iske ba. Albasa mun gaje ta wurin iyaye, amma da jigo da ƙwarya muke ban ruwa, rijiya ta ruhta a sake gina wata, mutum shi wuni duƙe. Shekarar 1984 da damana ta ƙi, shugaban ƙasa Kunce ya ce kowa shi sauka fadama shi yi noman rani, daga nan ne garka ta zama abin da gari duka ke ci da shi. Sa'anda anka karya darajar sefa a Janairun 1994, albasar Holan ta yi ma mutanen Abijan tsada, ido ya dawo kanmu. Kuɗɗi sunka shigo, maha'inta sunka biyo su. A jera manya a bakin buhu, a cusa ƙanana da masu ciwo tsakiya, a ɗinke hula, sai an kai Kurmi a zazzage a ga abin kunya. Sunanmu ya so lalacewa. Dalilin da ya sa munka zaɓe shi ke nan, ba don ya hi kowa kuɗɗi ba. Da idona na gane shi cikin kasuwa ya kwance hular buhun ƙanen matarshi, ya zura hannu har gwiwa, ya hiddo ruɓaɓɓa guda, ya ɗora mashi ga tahin hannu gaban jama'a, bai ce mashi komi ba ya wuce. Shekara biyu ba su gaisa ba. Amma maganar zaɓe, yaron na da gaskiya. Dattijon da yake cewa yana miƙewa, ni ne, sau ukku na yi hakan. Mun samu raƙumi mai ɗaukar kaya munka ƙi horon wani. Laihinmu ne kahin shi zama nashi. Maganar buhu arba'in kuwa ba a yanke ta da baki, akwai littahi.

Ɗan Tarka: Na gode Baba. Littafin nake so a duba.

Baƙon Yamai: Ni ɗan Madawa ne, aiki ya zaunar da ni Yamai, ƙanena ke riƙe mini garka. Maganar littafi ita nake jira. Duk abin da Direba ya ba da labari, ina yake ajiye? A kan mutum ɗaya da wayar da in ta faɗa rijiya shi ke nan. Ku tuna abin da ya taɓa faruwa da sunan albasarmu. Wajen ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi OAPI, hukumar rajistar haƙƙin mallaka mai mazauni a Yawunde, ta ba shi mallakar iri da sunan Violet de Galmi. Sai da manoma da ƙungiyoyinsu suka yi ca kafin sunan ya tsira. Sai a 2023 aka ba albasar Galmi shaidar asalin wuri, tare da kilishin Nijar. Ba zan ce Baba ne ya yi wannan ba, aikin hannaye da yawa ne, irin su ANFO, ƙungiyar 'yan albasa ta ƙasa, da ma'aikatan gwamnati. Abin da nake nufi, abin da ba a rubuta ba wani na iya wayar gari ya ce nasa ne. Ni karramawar da nake gani, a samu yara biyu su zauna da shi kwana goma da waya mai ɗaukar murya, ya faɗi masu saye na amana gari-gari, wa ya taɓa cin amana, yaya ake sulhu in kaya ya lalace a hanya, wa ke ɗaukar kashi nawa. Sannan dokar kwaperatif ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka amince da ita a Lome a Disambar 2010, ta tanadi babban taro duk shekara da masu sa ido kan biro. Takardunmu na rajista sun faɗi haka, mu ne ba ma bi.

Malamin Gona: Na goyi baya, kuma a haɗa da maganar iri. Albasa sai a zagaye na biyu take ba da irin kirki: ka zaɓi 'ya'ya lokacin cira, masu siririn wuya da launin nan namu, ka ajiye, ka sake dasa su da sanyi su yi fure. Yanzu yara da yawa don gaggawa suna tara iri daga wadda ta yi tozo ta fidda fure tun shekarar farko, shi ya sa kake ganin garka rabi fure. Shaidar OAPI ba za ta yi mana komai ba in irin ya gurɓace a hannunmu. Baba na cikin 'yan kaɗan da har yau suke zaɓe da hannu.

Ɗan Tamaske: To wa zai gaje shi ma tukuna? Na ji ana raɗe-raɗin babban ɗansa.

Mai Lambun Tabalak: Wannan da ko fangali bai taɓa ja ba? Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Sakatare: Maganar magaji ta babban taro ce, da ƙuri'a, ba a nan ba. Kuma a bar ɗan mutane, bai ce yana so ba. Ma'aji, maganar ɗan'uwanmu na Tarka ba ta kwana biyu. Ka je wurin Baba.

Ma'aji: Bayan asham in sha Allah.

Ma'aji: Barkanmu da asuba. Na je. Ban yi kwana-kwana ba, na gaya masa yadda aka yi. Bai ce uffan ba, ya sa jikansa ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littafi 14 ne irin na 'yan lekkol, kowanne ɗaure da robar tayar keke, duk da ajami. Ya matso da fitila har kusa da hancinsa, bai yi minti biyar ba ya buɗe shafin. Kayan mutum bakwai ne a motar nan. Sunan mahaifinka na uku, buhu 40. An biya shi sau uku: kuɗin buhu 15, sannan 10, sannan 6. Saura 9, an zagaye su da jan alƙalami, ba a soke ba. Abin da aka biya mutum bakwai ɗin nan garkarsa ta bakin fadama Baba ya sayar, wannan tsofaffi sun sani. Ya ce da ya ji rasuwar mahaifinka ya aika sau ɗaya aka ce kun tashi zuwa wurin dangin mahaifiyarku, daga nan bai sake bi ba. Ya ce in rubuta sakaci ne, kuma kada in gyara masa kalmar.

Ɗan Tarka: Mahaifina 31 ɗin bai taɓa gaya mana ba. Abin da muke ji kawai, kuɗin Kumasi bai cika ba. Inna ce za ta sani.

Direban Ankara: To a cire kuɗin buhu tara daga karo-karo a rufe maganar. Ni in ma ashirin ɗina ce ta tafi can na yarda.

Mai Lambun Tabalak: A kuɗin wace shekara? Na 2010 ko na yau? Kuma na yau ɗin, na Maris ko na Nuwamba? Don tsakaninsu akwai tafiya.

Liman: Assalamu alaikum. Tun da an taɓo wurin da ya shafe ni. Wanda ya yi lamuni shi ke biya, wannan hadisi ne sananne, kuma Baba bai musa ba. Bashin kuwa kuɗin da aka yi ciniki a kai ne a wancan lokaci, tun da an riga an sayar, an yanke farashi. In mai biya ya ga dama ya ƙara don kyautatawa, ba tare da an gindaya masa ba, ya yi abin yabo. Sai dai ɗana na Tarka, ka sani kuɗin nan yanzu gado ne. Ba naka kai kaɗai ba, akwai mahaifiyarka da 'yan'uwanka. Ko yafewa ka yi niyya, rabonka kaɗai kake da ikon yafewa. Kada kunyar zaure ta sa ka faɗi abin da ba hurumin ka ba.

Ɗan Tarka: Na fahimta Malam. Mu shida ne da Inna. Ranar Juma'a zan je gida.

Ɗiyar Baba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kawu Sakatare ya ce Baba ba ya zauren nan, ya manta ni ina ciki tun da na karɓi garkar Inna, kuma duk dare ni ke karanta masa. Tun saƙon farko yake ji. Na so in yi shiru, shi ya ce in rubuta, ga shi zaune.

Sakatare: Innalillahi. Ɗiyata, ai sai ki yi mini tari tun jiya.

Ɗiyar Baba: Ya ce buhu tara bashinsa ne ba na ƙungiya ba, kada a taɓa kuɗin kowa. Yana da bijimi, zai kai kasuwa, kuma da ƙafarsa zai je wurin mahaifiyar yaron kafin Sallah, in Yaya Direba zai kai shi. Ya ce yaron ya yi masa gata da ya tuna masa yana da rai. Maganar biki kuwa, ya ce masu cewa riga za ta tsufa a akwati su yi haƙuri, shi yana son rigarsa, kuma yana son makaɗa. Wai shekara 28 yana zuwa bikin mutane yana liƙi, ba laifi ba ne in an yi masa nasa sau ɗaya yana ji da kunnensa. Gwamna in ya samu zuwa madalla, amma kada a shanya mutane a rana ana jiran kowa, in tara ta yi a fara. In za a ba shi takarda a rubuta da Hausa, da ajami, don waɗanda ke rataye a ɗakinsa da Faransanci har yau bai san abin da suka ce ba.

Ɗan Galmi: Allahu akbar! Kun ji ko? Ni na san mutumena.

Ɗiyar Baba: Bai gama ba, Baba Alhaji. Ɗakin ajiya ya ce shawara ce mai kyau amma kada a sa sunansa, kuma kada a aza tubali sai an san wa zai riƙe mabuɗi, don ya ga inda mabuɗi ya raba 'yan'uwa. Ya ce kwanon mangazar da muke haya yana yoyo ta kusurwar gabas tun bara, a fara da wannan kafin ruwan farko. Littattafai ya yarda a kwafa, amma shafukan bashin mutanen da suka rasu ba za a ɗauki hotonsu a waya ba, Ma'aji da Malam Liman kaɗai za su gani. Wanda aka zaɓa, ko wane ne, zai zaunar da shi ya kira masu saye na Ankara da Kumasi da Abijan da Lome ɗaya-ɗaya ya haɗa su baki da baki. Ya ce Yaya, babban ɗansa, ba ya neman kujera, a daina jawo shi. Inna Hajiya kuma ya ce ki yi haƙuri, wannan ma yana cikin abin da ya zagaye bai soke ba.

Hajiyar Gabu: Ki gaishe shi. Ki ce masa ranar taro shi zai fara miƙewa ya faɗa da bakinsa, ba saƙo ba.

Malamin Gona: To ni na janye maganar gini zuwa bayan zaɓe. Amma zaman ɗaukar murya ina ciki, ni da wani yaro mai karanta ajami da kyau.

Baƙon Yamai: Kuɗin kwafi da katin waya na yaran a kaina.

Sakatare: To ga inda aka tsaya, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin magariba. Biki Asabar ta biyu bayan Sallah, a filin mangaza, ƙarfe tara. Babban taro da zaɓe washegari, tun da jama'a na wuri ɗaya, kuma maganar kujerar mata na cikin ajanda, na rubuta da babban baƙi Hajiya. Karo-karo daga jaka guda zuwa sama, ba tilas. Riga da rawani da makaɗa daga ciki, abin da ya saura na kwanon mangaza. Rago a saye shi yanzu kafin 'yan layya su tada kasuwa.

Ɗan Tamaske: Makaɗan dai kada a ce su ma sai na Galmi.

Ma'aji: Zuwa yanzu mutum 23 suka kawo, na rubuta kowa. Direba ya cika, Tabalak sun haɗo tasu a dunƙule. Alhaji na Galmi, jaka hamsin ɗin da ka buɗe mana da ita har yanzu a baki take.

Ɗan Galmi: Mota na hanyar Dori cikin ayari, Ma'aji. In ta sauke ka ji ni.